Doguwar Farfela

Zuwa ga ɗana Mutari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya sauke ka Yamai lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da direba mai gaggawa, ya haɗa ka da malamai masu haƙuri a inda za ka koyi gyaran manyan jiragen nan. Na sa takardar cikin akwatin ƙaramin jirgin, ƙarƙashin fiffike, don na san shi za ka fara buɗewa kafin jakar tufafinka.

Ran da na ce ka ɗauki jirgin, ka yi ta godiya har na rasa inda zan sa fuskata. Shekara da shekaru kana roƙo in bar ka ko taɓa shi ka yi, ina hana ka, sai ga shi rana ɗaya na ce tafi da shi. To, ka sani ba kyauta na yi maka ba, ɗakin da yake ciki nake so. Ka tambaye ni wace farfela za ka ɗaura masa cikin waɗanda ke naɗe a tsumma, na ce zan rubuta maka. Tun kana ƙarami kuma kake tambayata me ya sa yayana, Baba Isuhu na Guna, ba ya taka gidanmu ko da salla, kullum in ce maka tsufa ne da nisa. Guna ba ta da nisa, kai ma ka sani. Bana fari ya sake dawowa, rumbun Guna babu ko zangarniya, kuma na san Yaya zai gwammace ya ci ganye da iyalinsa da ya ƙwanƙwasa ƙofata. Tambayoyinka biyun amsarsu ɗaya ce, kuma ba zan iya faɗa maka ita ina kallon idonka ba.

Jirgin na wani Anasara ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda nake yi wa aikin katako lokacin da shagona na Zango bai wuce teburi ɗaya ba. Da zai koma ƙasarsu, gab da wancan fari na farko, ya bar mini shi da bido ɗaya, wato jarka, na mansa mai warin man zurma, da farfela uku. Ka ga yadda yake: siraran wayoyi biyu daga fiffike zuwa mariƙin da ke hannunka, kai kana tsakiya kana juyawa, shi yana kewaya ka. Ka ɗaga hannu ya hau, ka sunkuyar ya sauko, in ka ƙware ya yi alkafura, ya tashi a rigingine, ya zana takwas a sama. Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu, don za mu dawo kansa: injin nan ba shi da abin kashewa. In ya tashi, sai mai ya ƙare.

Farfela abu biyu gare ta, tsawo da murɗi. Tsawo shi ne ƙarfin ja. Murɗi shi ne girman takun da take yi cikin iska a kowane juyi. Anasaran ya yi mini wannan bayani da Hausarsa ta 'yan koyo, na yi ta gyaɗa kai, amma kunnena na wajen gudu. Ranar farko da na fita da abokina Ilu mai gyaran keke, wanda shi ke riƙe mini wutsiya ya saki, na zaɓi gajeriya mai murɗi da yawa, don ita ce ta fi kama da abin masu gudu. Injin ya yi ta tsuwa, jirgin ya tashi kamar an tsokano zanzaro. Ina juyi, ina juyi, ƙafata ta kasa bin sa, jiri ya kwashe ni, na zube da mazaunai cikin ƙarangiya, jirgin ya caki ƙasa da hanci. Ilu ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Laminu, yau dai kai ka yi alkafurar, jirgin bai samu dama ba." Har yau in ya ga dama sai ya tuna mini.

Don haka kada gudu ya ruɗe ka. Wannan ba jirgin tsere ba ne. Abin da kake nema shi ne wadda za ta ja shi daidai wa daida, ya hau bai gaji ba, ya sauko bai ruga ba, wayoyin kuma su tsaya a miƙe ko yana bisa kanka. In waya ta saki, hannunka ya zama banza. Cikin tsumman akwai mai tsawon taƙi ɗaya da yatsa biyu, murɗinta kaɗan, na ɗaura mata jan zare. Da ita za ka fara. In ka ga mutum a wurin aikinku ya fi kowa sauri da ƙara, kada ka yi gaggawar kwaikwayonsa, ka jira ka ga yadda yake sauka.

Kafin shekara ta zagayo na karya duka ukun. A Damagaram kaf babu inda ake sayar da irinsu, sai na ce ai ni kafinta ne. Lokacin fari ya riga ya kama, gero ya yi wuyar gani, gidanmu an koma tuwo sau ɗaya a yini. Ina neman busasshen itace mai jijiya a miƙe, wanda ya daɗe bai tsage ba, sai idona ya faɗa kan muciyar innarka, ta aduwa, wadda ta zo da ita daga gidansu. Na ɗauke ta ban tambaya ba. Da la'asar ta leƙo shago ta ce, "Malam, ko ka ga muciyata?" Ga ta nan a hannuna, na riga na raba ta biyu. Maimakon in ba ta haƙuri, sai na ce, "Me za ki tuƙa da ita bana?"

Mutari, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni, ta dubi itacen, ta juya. Daga ranar sai da ta riƙa aron muciya a maƙwabta, kowace mace a layinmu ta san dalili. Na faɗi maganar ne don in rufe kunyata, sai na caka mata abin da ya fi ci mata rai, cewa tukunyarta ba ta cika. Ba na jin na taɓa faɗa mata maganar da ta fi wannan muni. In ka yi aure, kada ka taɓa kayan matarka ba da saninta ba, ko da tsinke ne. In kuma an kama ka da laifi, ka ce ka yi, kada ka nemi inda za ka soki mai tambaya.

Farfelar muciyar ma ba ta yi albarka ba, kuma laifina ne. Na sassaƙa ta da kyau, na goge, amma ɗoki ya hana ni auna ta. Ashe ɓangare ɗaya ya fi nauyi. Jirgin ya yi ta karkarwa, ina ji a hannuna ta cikin wayoyi, na ce zai daina. Kusoshin suka kwance ɗaya bayan ɗaya, injin ya rabu da jirgin a sama, kowa ya kama gabansa. Da ƙyar na sake haɗa su. Kafin ka ɗaura kowace farfela, ko ta kanti ce, ka zura ƙusa a raminta, ka ɗora bakin ƙusar a kan kofi biyu, ka sake ta. In wani ɓangare ya sunkuya, ka kankare bayansa kaɗan-kaɗan har ta tsaya a kwance. Kuma in ta taɓa bugun ƙasa, ka lanƙwasa ta kusa da kunnenka. In ka ji ko ɗan ƙas, ka jefa ta murhu. Kada ka ce saura tashi ɗaya, idon mutum ba shi da na canji.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye don kada in zo.

Yaya Isuhu shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya kawo ni birni a kan jakinsa ya damƙa ni ga mai koya mini sassaƙa, ya koma gona shi kaɗai. A tsakiyar yunwar nan ya aiko wani mutumin Guna ya same ni a shago. Saƙon gajere ne: gona ba ta ba da komai ba, dabbobi sun ƙare, ko zan karɓi matarsa da yara su zauna wurina zuwa faɗuwar ruwa, shi zai san yadda zai yi da kansa. Na ce a gaya masa birnin ma haka take, gidan kuma ya yi ƙunci. Birnin kam haka take, wannan ban yi ƙarya ba. Amma ɗakin soro yana nan, babu mai kwana ciki. Jirgi ne a rataye, da fikafikai, da bidon mai, da wayoyin da ba na so yara su tattaka. Na gaya wa kaina tsoron bakuna nake, kada abincinku ya kasa. Akwai wannan. Amma na san abin da ya fara zuwa raina da ɗan aiken ya buɗe baki, ɗakin ne.

A kwanakin ne jiragen taimako suka fara sauka da jar dawa. In za su sauko, daga nesa sai ka ji wani gurnani mai kauri yana tahowa, duk gari a ɗaga kai. Ni kuma, mai ɗan jirgin da ke tsuwa kamar sauro, sai kishi ya kama ni. Na lura in farfela ta yi tsawo injin yana jan ta da ƙyar, muryarsa ta yi kauri. Sai na samu guntun maɗaci na sassaƙa doguwa, mai faɗi, wadda ta fi ta Anasaran da yatsa uku. Ilu ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ta fi ƙarfin injin nan, za ka dafa shi." Na ce, "Kai dai saurari murya." Na tayar a tsakar gida, ta yi gurnani, na ji kaina ya kumbura. Ba don tashi na zaɓe ta ba, don a ji ni na zaɓe ta.

Akwai wani faƙo a bayan unguwar Kara-Kara inda muke zuwa, ƙasa mai tauri, ba ciyawa ba itace. Na san mutanen ƙauye sun fara taruwa can gaba, sun kafa 'yan bukkoki da kara da tsofaffin buhuna suna jiran rabo. Na sani sarai. Na ce ai da nisa, kuma ba abincinsu zan ci ba. Da hantsi muka je, na cika tanki fal, Ilu ya saki.

Jirgin ya tashi a hankali, da nauyi, yana wannan gurnani da nake so. Ban yi kewaye da yawa ba sai na hango mutane sun ɓullo daga wajen bukkokin. Da farko na ɗauka 'yan kallo ne, har na gyara tsayuwa. Sai na ga gudu suke. Mata da goyo, tsofaffi da sanda, kowa da abin da ya rarumo, wannan ƙwarya, wannan buhu, wata ma ɗankwalinta ta kwance tana riƙe da shi a buɗe. Suna gudu suna duban sama, can inda babban jirgi ya kamata ya fito. Mutanen da ba su da ƙarfin tashi su ɗebo ruwa, na sa su gudu.

Ilu ne ya fara ganewa. Ya ruga yana ɗaga hannu yana ihu, "Ku tsaya! Ba shi ba ne! Na wasa ne! Ku ja baya, waya za ta yanke ku!" Suka tsaya a gefen da'irar suna haki. Ba wanda ya yi zagi, ba wanda ya ɗauki dutse. Suka sauke ido daga sama suka ɗora a kaina, ƙato da gemu, ina juyi a tsakiyar fili da abin wasa. Na gaya maka injin ba ya kashuwa. Kuma da yake doguwar farfelar tana jan jirgin sannu-sannu, kowane kewaye sai na ga fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ban da ikon kau da kai. A cikinsu na ga Yaya. Ya rame har sai da na sake kewayowa na tabbata shi ne, yana riƙe da buhu a ninke. Na kewayo, yana nan. Na sake kewayowa, yana nan.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko innarka. Akwai hanyar tsayar da shi. In na sunkuyar da hannuna sau ɗaya, jirgin zai daki ƙasa ya farfashe, shi ke nan, in tafi wurin ɗan'uwana. Na san haka a lokacin, ba daga baya na tuna ba. Na ji tausayin jirgin. Na ci gaba da juyi har mai ya ƙare, na kuma saukar da shi lafiya lau a kan ƙafafunsa.

Da injin ya mutu, wurin ya yi tsit. Wata tsohuwa kusa da Yaya ta tambaye shi da ƙarfi, irin na masu nauyin kunne, "Wane ne wannan?" Na so ya ce bai san ni ba. Sai ya ce, "Ƙanena ne." Ya tako har inda nake, ya dubi jirgin, ya ce, "Sannu da aiki, Laminu."

Na ce, "Yaya, yaushe kuka shigo?"

Ya ce, "Mun kwana biyu."

Na ce, "Ku taho gida mana."

Ya ce, "Ai an gaya mini gidan ya yi ƙunci. Ka gaida mai ɗakinka da yara."

Ba da fushi ya faɗa ba. Ni kuma, don in samu inda zan sa idona, sai na durƙusa na hau naɗe wayoyi, wai kada su lanƙwashe. Da na ɗago ya shige cikin mutane.

Injin bai sake komawa daidai ba tun ranar. Ya yi zafi har man da ke fitowa ya koma baƙi, za ka ji ƙarfinsa ya ragu in ka juya shi da yatsa. Doguwar tana cikin tsumman, ita ce mai duhu. Ban sa maka ita don ka ɗaura ba. A zafin ƙasarmu inji yana wahala ko da farfelarsa daidai, balle ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa don murya. In ka ji yana nishi, sautinsa na raguwa tun mai bai ƙare ba, ka rage tsawo. Kafin ka tayar da shi a ko'ina, ka duba su wa ke kusa da abin da suke ciki. In kuwa wata rana ya zamana jirgi ne ko mutum, ka kifa shi ƙasa, Mutari. Katako ne da takarda.

Ka ɗauka washegari na je na ɗauko su, ko? Ban je ba. Kunya ta hana ni shiga cikin mutanen da suka gan ni. Na ba Ilu ɗan gero ya kai, aka karɓa aka ce an gode. Na ce gobe, goben ta zama jibi. Ran da na daure na je, sun tashi. Maƙwabtansu suka ce ƙyanda ta shiga bukkokin, ƙaramar 'yarsa Zinatu ta rasu, sun binne ta sun koma Guna. Sa'arka ce, wata ɗaya aka haife ku. Ban ce ɗakina zai hana ajali ba, wannan na Allah ne. Amma da ta cika a ƙarƙashin rufi, ba a ƙarƙashin buhu ba.

Na je ta'aziyya, ya karɓe ni kamar kowane baƙo. Tun daga nan na ɗauko wata sabuwar wauta, aike. Kowace salla in aika turmin atamfa, in aika goro, in aika sukari, ta hannun wannan, ta hannun wancan. Kullum amsa ɗaya, an gode. Jirgin kuma na mayar da shi ɗakin na kulle, ban tashe shi ba, ban yar ba, ina ganin kamar hana kaina wasa wani biyan bashi ne. Ba wanda ya ƙaru da wannan. In ka ɓata wa mutum, kada ka aika kaya su yi maka magana, ka tafi da ƙafarka tun abin yana ɗanye.

Ran Laraba da ta wuce, da na ce muku zan je duba katako, Guna na je. Na tarar da matar Yaya tana jiƙa 'ya'yan anza, abincin yunwa, a tukwane don a cire ɗacin, jikokinsa uku na zaune suna jira. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa. Na faɗa masa duk abin da na rubuta maka a nan, har da maganar ɗakin, har da hannun da ban sunkuyar ba. Ban iya ɗaga kai ba. Na ce su taso gaba ɗaya su zo birni.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Laminu, ni na yafe maka tun a filin nan. Yaro na ɗauke ka, har yau kuma haka." Ya nuna jikokin da haɓa. "Ka tafi da waɗannan da kakarsu. Su ba su san komai ba."

Na ce, "Kai fa, Yaya?"

Ya ce, "Ni ka bar ni nan. Ba fushi ba ne. In na shiga ɗakin nan zan riƙa auna inda da an shimfiɗa wa Zinatu tabarma."

Ranar kasuwa mai zuwa amalanke zai kawo su. Na share ɗakin, innarka ta shafe shi da farar ƙasa. Shi kuwa zan riƙa kai masa abin da ya samu da kaina, ya yarda da wannan. In ka samu hutu, kafin ka sauke jaka a gidana, ka wuce Guna ka gaishe shi, ka zauna ka ci abin da aka ba ka ko anza ce. Kai yana iya kallonka ba tare da ya tuna faƙon nan ba, ko da yake ban tabbata ba, tunda sa'an Zinatu ne kai.

Allah ya tsare ka a inda ba na ganinka, ya kare yatsunka da idonka, ya ba ka sana'ar da za ta amfani mutane. Allah ya saukar mana da ruwa, ya ji ƙan Zinatu, ya ba Yaya tsawon rai. Ka sa ni a addu'a, ina bukata.

Mahaifinka,
Laminu kafinta, Zango, Damagaram